Maɓallin Rigar Baba

Shi ne na ƙarshe cikin waɗanda kamfanin masu jinya a gida ya turo, kuma Auta ta riga ta gaji. Tun da ɓarin jikin Baba ya shanye ita ke ɗawainiya da shi, ga hutun da aka ba ta a makarantar da take koyarwa ya ƙare. Duk waɗanda suka zo ita suke tambaya, "Yana iya ci da kansa?" sai ka ce Baba ba ya ɗakin.

Wannan dogon saurayin kuwa gaban kujerar Baba ya durƙusa ya gaishe shi.

"Baba, me ka fi so ka koma yi da kanka?"

Baba ya daɗe yana haɗa maganar. "Maɓallin... rigata."

"To, daga nan za mu fara."

Baba ya nuna shi da hannunsa mai lafiya ya ce, "Dogo." Shi ke nan, an yi zaɓe, an raɗa suna. Auta ta ji haushin an ƙwace mata aikinta, amma da ya juyo ya ce, "Sannu, Malama," sai da gabanta ya faɗi.

Kullum da safe Dogo kan goya hannuwansa a baya, ya tsaya yana kallon Baba yana fama da maɓalli. Ko kusa ba ya taimaka masa, sai dai ya ce, "Saura ƙiris, Baba." Auta kan laɓe a bakin ƙofa da jakarta a kafaɗa har ta kusa makara, wai ita mahaifinta take dubawa.

Ana nan sai ga 'Yar Gwaggo. Yarinyar da a da sai an yi cigiyarta, yanzu kullum tana gidan, ta sha kwalliya da turare, ta zo duba Kawu. Abin da ya fi ci wa Auta rai shi ne yadda Dogo ke sakin jiki da ita, suna raha har da ƙyaƙyatawa. Ita Auta kuwa in ta shigo sai ya sunkuyar da kai. "Ya sha maganin rana, Malama." Iyakarta ke nan.

Ta daure ta tura masa saƙo: "Na gode da yadda kake kula da Baba. Kai fa, ka ci abinci kuwa?"

Amsa ta zo: "Aikina ne, Malama. A sayo man shafawa, ya kusa ƙarewa."

Man shafawa! Ta yi wurgi da wayar a kan gado.

Ranar da tura ta kai bango, ta dawo ta tarar da 'Yar Gwaggo ta miƙa masa damtse yana auna mata jini, tana wani lumshe ido. "Zuciyata ce ke yawan bugawa," in ji ta. Auta ba ta ko ajiye jaka ba ta kira kamfanin ta ce a canza musu ma'aikaci.

Sabon da aka turo mutumin kirki ne, ga zafin nama. Kafin Baba ya ɗaga hannu ya sa masa maɓallan duka. Baba ya daina ƙoƙari, ya daina magana, in Auta ta gaishe shi sai ya juya wa bango fuska. Ta san kishinta ne ya jawo, kuma ga kewar da ba ta da bakin faɗa wa kowa.

Tana cikin wannan hali saƙo ya shigo.

"Malama, rabuwa da Baba ta yi min zafi. Amma a aikinmu ba a neman aure a gidan da ake jinya, shi ya sa nake gudun idonki. 'Yar'uwarki ba ta ba ni tsoro, ke ce nake tsoro. Tunda kin kore ni, yau na samu bakin magana. Ina sonki."

Ta karanta har hawaye ya rufe mata rubutun. Duk da haka abin da ta rubuta shi ne: "Ai na gan ka kana auna mata jini."

"Lafiyarta ƙalau, Malamata. Ki tausaya wa wanda kika raba da aikinsa."

Da maganar aurensu ta taso, yayansu Auta babba ya ce sam. "Duk mazan garin nan ki rasa wanda za ki kawo sai mai wanke tsofaffi?"

Daga ɗaki muryar Baba ta fito, a hankali amma sarai. "Ni ne... tsohon."

Yaya ya shiga ya ba da haƙuri. Baba ya kafa sharaɗi ɗaya: ba za a ɗaura auren ba sai ranar da ya sa maɓallin rigarsa da kansa.

Ai kuwa Dogo ya dawo, wannan karon da sunan zance. Rabin hirar a gaban Baba take ƙarewa. Shi ya roƙi sabon ma'aikacin ya riƙa goya hannu a baya, Auta ma ta koya, ko da yake ji take kamar ta fizge rigar ta gama masa.

"Baba, don Allah saura ƙiris," takan ce.

"Kina... sauri ne?" Baba kan tambaya yana murmushi.

Safiyar ɗaurin auren, kowa a gidan yana kallon yatsun Baba suna rawa a kan farar rigarsa. Da maɓallin ƙarshe ya shiga, 'Yar Gwaggo ta riga kowa shewa. Auta ta harare ta, sannan ta fashe da dariya ta rungume ta.

Baba ya kamo hannun Dogo ya ɗora a kan na Auta.

"Ta kore ka... na dawo da kai. Wannan karon ba kamfanin da za ta kira. Allah ya yi muku albarka."