Kalmomi Uku da Kujerar Karima

A Birnin Gwari akwai wata yarinya 'yar aji biyu a ƙaramar sakandare. Ita ce ƙarama a gidansu, shi ya sa kowa yake ce mata Auta. Tana da ƙoƙari, tana da kirki. Aibinta ɗaya ne: ba a gama yi mata bayani take cewa, "Na sani."

Ƙawarta Karima ce, kujerarsu ɗaya. Gonar su Karima tana can bakin daji, wajen garin Damari. Duk kaka sai ta yi makonni ba ta zo makaranta ba, tana taya babanta, Malam Isiyaku, roron wake. Bana kuwa idan ta sake rasa darasi, maimaita aji za ta yi.

Malamarsu ta Turanci, Malama Lovelyn, tana ƙaro karatu a jami'a. Don haka tana iya shiga rumbun ɗakin karatun jami'ar ta kwamfutarta. A rumbun akwai dubban rubuce-rubucen masana.

Ran Laraba ta ce wa ajin, "Ran Asabar akwai taron iyaye da malamai. Mu binciko yadda wasu makarantu suke yi da 'ya'yan manoma lokacin kaka. Amma sai kun koyi kalmomi uku: AND, OR da NOT."

Ta ce, "Mai baƙin takalmi AND jar jaka, ya miƙe." Mutum uku suka miƙe.

"Mai baƙin takalmi OR jar jaka." Kusan duk ajin ya miƙe, ana ta dariya.

Auta ba ta ga wannan ba. Kanta na ƙasa, tana ɓare gyaɗa a cikin aljihu. A ranta tana cewa ai kullum tana latsa wayar yayanta, me za a koya mata?

Da aka fita tara, Malama ta tambayi wanda zai fara gwadawa. Auta ta riga kowa ɗaga hannu. Malama ta zaunar da ita gaban kwamfutar, ta tafi amsa kiran shugaban makaranta.

Auta ta hango AND a jikin allo, sai ta ɗauka da shi ake yin komai. Ta rubuta Birnin Gwari AND Damari AND wake AND makaranta AND Karima. Ta danna. Ba abin da ya fito. Ta ƙara wata kalmar. Nan ma wayam.

Kunya ta hana ta tambaya. Ta rufe kwamfutar, ta sulale.

A hanyar gida Karima ta ce, "Me kika samo mana?"

"Babu komai," in ji Auta. "Ba wanda ya taɓa rubutu a kan irinmu."

Da Karima ta isa gida ta faɗa wa babanta. Shi kuwa ya ce, tunda babu wata dabara, gobe sai gona.

Ran Alhamis gefen Auta babu kowa. Ranar ko gyaɗa ba ta iya ci ba. Ta dawo gida ido ya yi ja.

Innarta na tankaɗe ta dube ta. "'Yar autata, wa ya taɓa min ke?"

Auta ta kwashe labari ta faɗa mata.

Inna ta ce, "Ni ban san kwamfuta ba, amma na san kasuwa. In na aike ki sayen tumatir, na ce sai na ƙauyen Tabanni, sai manya, sai a hannun mai suna Tasi'u, sai mai jar hula, da me za ki dawo?"

"Da kwando ba komai."

"To, ba tumatir ne babu ba. Sharuɗɗan ne suka yi yawa. Gobe ki je ki tambayi malamarku. Ba a mutuwa don an ce ban sani ba."

Ran Juma'a da sassafe Auta ta tsaya a gaban teburin Malama. "Malama, ban saurari bayaninki ba. Kuma na ce wa Karima babu komai."

Malama Lovelyn ba ta yi faɗa ba. Ta jawo ta kusa, ta ce, "Zauna, 'yata. AND yana matse bincike. OR yana buɗe shi. NOT yana tsame abin da ba ki so. Kuma yawancin rubutun nan da Turanci yake."

Auta ta rubuta harvest OR farming, wato girbi ko noma. Rubutu ya zubo fiye da dubu. Ta ƙara AND school, suka ragu sosai. Ta sa NOT university, domin ba zancen jami'a suke ba. Saura talatin da 'yan kai.

A ciki suka ga labarin makarantun karkara da suke sauya lokacin darasi idan kaka ta yi. Ashe ba su kaɗai ba ne.

Da yamma Auta ta je har gidan su Karima. Ta durƙusa ta gaida Malam Isiyaku. "Baba, ni na yi kuskure. Don Allah ka zo taro gobe."

Ya je kuwa. Auta ta karanta abin da suka samo. Iyaye suka tattauna, aka amince: mako huɗu na kaka, yara su yi gona da safe, darasi ya fara bayan azahar.

Malam Isiyaku ya ce, "In haka ne, wake ya samu, boko ya samu."

Ran Litinin Karima ta shigo aji, hannunta duk kaushin roro. Ta ajiye wa Auta ƙullin ɗanyen wake a cinya, ta zauna a wurinta. Daɗi ya cika Auta.

Malama ta fara sabon darasi. Can sai ga hannun Auta a sama.

"Malama, ban gane ba. A sake min."

Tun daga ranar Auta ta riƙe darasinta: ka saurara kafin ka ce ka sani, in ba ka gane ba ka tambaya. Matambayi ba ya ɓata.