Bututun da Auta Ta Toshe

Auta tana da 'yan tsaki bakwai. Kakarta ce ta ba ta su, kuma ko abinci ba ta ci sai sun ci.

A gindin katangar gidansu akwai wani bututu. Ta nan ruwan sama ke fita daga tsakar gida zuwa kwatar titi. Wata safiya ɗan tsako ɗaya ya bi ta cikinsa, bai dawo ba.

Auta ta yi kuka har ta gaji. Sai ta cusa tsumma da leda a bututun, ta danna su da sanda.

"Me kike yi a nan?" in ji Mama.

"Ba komai, Mama."

Wai ba komai! Ta ma tafi tana jin ta yi wayo.

Bayan kwana uku aka tsuge da ruwa. Auta tana makaranta, Mama da Baba suna wurin aiki. Indararo ya yi ta zuba, ruwa ya rasa hanyar fita.

Da suka dawo, tsakar gida ta zama tafki. Akurkin 'yan tsakin ya nutse. Biyu sun haye saman turmi suna rawar sanyi. Huɗu sun mutu.

Baba ya naɗe wando, ya zura hannu a bututun. Ya zaro leda, ya zaro tsumma. Tsohuwar rigar makarantar Auta ce. Nan take ruwa ya fara fita da ƙugi.

"Ni ce, Baba," in ji Auta. "So nake in tsare su."

"Me ya hana ki faɗa mini?"

Auta ta dubi akurkin 'yan tsakinta. Da ma dukanta ya yi, da ya fi mata sauƙi.

Washegari Baba ya kawo ragar ƙarfe, ya kafa a bakin bututun.

"Kin gani? Ruwa zai wuce, ɗan tsako ba zai wuce ba. Ba a toshe hanyar ruwa, Auta. In abu ya dame ki, ki tambaya."

"Na ji, Baba."

Biyun nan sun girma, har ɗaya ta fara ƙwai. Auta ta yi murna. Amma duk sanda ta watsa musu tsaba, sai ta ga ta ɗebo ta bakwai.