Inda Penina Take

"Ba inda zan je, Ioelu! Ka tafi Brisbane ɗinka kai kaɗai!"

Lupe ko ɗagowa ba ta yi ba, tana ta goge farin tayil na kabarin da ke ƙofar gidansu. A ƙauyensu na tsibirin Savai'i haka ake yi, kowa a ƙofar gida yake binne nasa, ya gan shi safe da yamma. 'Yarsu ta fari ce a ciki, Penina, wadda ko sati ba ta yi a duniya ba.

"Haba abar ƙaunata... aikin nan na ƙasar waje ba zai jira ni ba. So kike aurenmu ya mutu saboda dutse?"

"Dutse? 'Yar taka ce dutse?"

Ioelu ya kawar da kai. Dama haka mijin nata yake, in magana ta yi zafi sai ya haɗiye ta kamar gasasshen gwaza. Ko ranar jana'iza bai zubar da hawaye ba, kuma abin yana ci wa Lupe rai har yau.

Yayarta Fuatino, wadda ungozoma ce a asibitin gundumarsu, tana gefe tana kankare kwakwa. Ta ture kwanon.

"Ku biyun nan kun ishe ni! Ke Lupe, a zatonki Penina gaba ɗayanta tana ƙarƙashin tayil ɗin nan?"

"Yaya, don Allah kar ki fara min wa'azi..."

"Wa'azi na fasto ne, ni aikina nake gaya miki. Mace in ta ɗauki ciki, wasu ƙwayoyin jikin ɗan sukan ratsa su shiga jininta. Su zauna a zuciya, a hanta, har cikin ƙwaƙwalwa. An same su a jikin tsofaffi masu jikoki."

Tsumman ya suɓuce daga hannun Lupe. "Da ransu?"

"Da ransu mana. Duk inda kika sa ƙafa, da ita kike tafe. Kabari kuwa ki bar mana, ni da Mama ba mu manta shara ba."

Lupe ta dafe kanta da hannu biyu, idanunta suka ciko. Sai ta ji muryar mijinta ƙasa-ƙasa.

"Yaya... uban fa? Shi ba a bar masa komai a jiki?"

Fuatino, wadda bakinta ba ya mutuwa, yau kai kawai ta girgiza.

"Ke nan in na tafi ni kaɗai, ba ni da ke, ba ni da ita..." Bai ƙarasa ba, kuka ya ƙwace masa, irin na ƙaton da bai iya kuka ba.

Tausayinsa ya kama Lupe. Ashe ta fi shi rabo, ita da take ganin ta fi kowa rashi.

Ta miƙe, ta kamo hannunsa ta ɗora a tsakiyar kanta.

"Ga ta nan, baban Penina. Rabinta ai naka ne." Ta share masa fuska da gefen zaninta. "Yaushe ka ce jirgin zai tashi?"