Randunan Junaidu

A shekarar da gwamnatin soja ta ce kowane yaro sai ya shiga makaranta kyauta, azuzuwan firamaren Runjin Sambo suka cika har ana zaunar da wasu a gindin dogon-yaro. Wata Litinin Malama Dijatu ta shiga ofishin hedimasta neman alli, sai ta yi turus. A kan tebur ga wani ɗan gini da bai fi tsawon hannu ba, ja da fari, da ƙofofi da tagogi da rufi, kamar an wanke makaranta ta tsuke.

Ba ta san lokacin da ta kai hannu ba. Tana ɗagawa rufin ya ɓalle.

"Wayyo Allah! Na ɓata!"

"Ba ki ɓata komi ba, Malama. Don a ɓalle shi anka yi shi."

Sai a lokacin ta lura da saurayin da ke tsaye jikin taga, dogo, siriri, da fensir a bayan kunne. Ya karɓi rufin ya danna, ya ce ƙas, ya zauna daram. Ya ɗago suka haɗa ido, ita kuwa ta nemi abin da ya kawo ta ofis ta rasa.

Sunansa Junaidu, mai zanen gini ne a ma'aikatar ayyuka. Lokacin da aka tura su kwas Ingila, abokansa suka dawo da rediyo da kwat, shi ya dawo da akwati cike da 'yan bulullukan roba masu maƙalewa da juna, irin waɗanda yaran can ke wasa da su. Hedimasta ya kasa gane zanen sababbin azuzuwa a takarda, shi ne ya gina masa ya kawo.

"Babba da kai?" in ji Dijatu, tana danne dariya.

"Haka kowa ka cewa. Ke ce ta hwarko da tac ce shi tana murmushi."

Tun daga ranar, duk Litinin sai ya kawo wa ajinta wani abu aro. Yau gada, wani mako tashar jirgin ƙasa, wani mako hasumiya. Ran Juma'a ya ɗauke ya wargaza, domin bulon ba su da yawa, sai an rushe tsoho ake samun na gina sabo. Yara suka daina fashi. Malamarsu kuma ta koma zaɓen gyale tun daren Lahadi.

Wata huɗu ana haka, ya zo da wani abu lulluɓe da ƙyalle. Gida ne, ɗaki biyu da rumfa, da 'yar ƙofa shuɗiya.

"Wanga ba na 'yan aji ba ne, Dije. Namu ne. Duk tagogina na gari suna jikinai, kuma na yi alkawari ba ni ɓalle ko ɗaya."

"Injiniya, in kab bar ni da gidan roba hwa?"

"Na siminti na tahe. Ki riƙe wanga shaida."

Ba ta iya kai shi gida ba, don mahaifinta, Malam Maccido, malamin zaure ne a Ƙofar Taramniya, ba a shigo masa da kayan saurayi kafin magana ta je gaban manya. Ta kulle shi a kabad ɗin ajinta. Kullum in an tashi sai ta buɗe ta leƙa ta 'yar tagar, ta ga rayuwarta a ciki.

Manyan Junaidu suka zo neman izini. Malam ya karɓe su da mutunci, ya ce a ba shi lokaci ya yi bincike kamar yadda aka saba, ya ɗora wa ƙanensa Baffa Dodo aikin.

Baffa Dodo ya tafi unguwar da Junaidu ke haya. Maƙwabta suka ce yaro ne mai gaisuwa, ba ya fashin jam'i, sai dai ba ya zama majalisa. In ya dawo aiki sai ya rufe ɗaki, a riƙa jin wani ƙacau-ƙacau kamar ana zuba wuri. Baffa ya leƙa ta taga. Ya ga randuna uku an binne gindinsu cikin yashi, an rufe bakinsu da jiƙaƙƙen buhu, mai gidan hayar kuma ya rantse bai taɓa ganin an zuba musu ruwa ba.

Abin da Baffa bai sani ba, zafin Sakkwato a ƙarƙashin rufin kwano yana lanƙwasa roba. Junaidu ya yi asarar bulo da yawa a bazarar farko kafin ya gano cewa cikin randa ne kawai suke zama lafiya, jajaye a ɗaya, farare a ɗaya, tarkace a ta ukun.

Da la'asar Malam ya kira ta.

"Dijatu, yaron ga yana da tukwanen tsahi. Baffanki ya gani da idonai."

"Wallahi Baba ba tsahi ba ne! Kayan wasa ne, na gine-gine."

"Kayan wasa." Malam ya daɗe yana kallonta. "To kin ga kin ƙara ɓata shi. In boka ne, ba ni ba shi ɗiyata. In kuwa mai gemu ne da ka rufe ɗaki shi yi wasan yara, wanga asibiti ya kamata a kai shi. Ba ni yi miki dole ga kowa, amma bakina ba shi ba da ke gare shi."

Ta durƙusa ta kama ƙafarsa tana kuka. Ya janye a hankali ya shiga ciki. Dama ransa a jagule yake, domin a watan nan aka shafa wa katangar gidan jan fenti. Za a faɗaɗa titi, kuma zauren da kakansa ya gina da rabin gidan duk suna kan hanya.

A makon ne Alhaji Lawali ya fara fakin Marsandi a ƙofar gida. Ɗan kwangila ne da siminti ya ɗaga shi cikin shekara biyu, kuma Baffa Dodo ne ya nuna masa hanya. Ranar da Dijatu ta fito don kunyar Baffa, Alhaji ya kaɗa makullin mota ya ce, "Na ji wani na gina miki gida da za a sa aljihu. Ni bene nika ginawa, Malama."

"Allah shi sa albarka," ta ce, ta juya.

An hana Junaidu zuwa zance, sai wasiƙa ta akwatin gidan waya na makaranta. Ta farko ta iso ran Talata.

"Dijena, hasken idona. Tun da na ji hukuncin Baba abinci ya daina shiga. Na yi tunani, in waɗannan robobi ne suka tsaya tsakanina da ke, gobe zan loda su in kai Gulbin Rima in zubar. Na fi shekara uku ina tattalinsu, amma ban taɓa jin zan mutu don su ba. Ke kuwa ina ji. Naki har abada, Junaidu."

Ta rubuta amsa a tsaye.

"Injiniyana, kada ka kuskura. In ka zubar, Baffa zai ce ka ɓoye shaida ne, ni kuma zan auri mutumin da na raba da abin da yake so. Ban yarda ba. Ka nemo mana wata hanya, don Allah ka nemo, ni dabarata ta ƙare. Kullum ina duba gidanmu. Taka, Dije."

Amsa ba ta zo ba. Ran Litinin ta shiga aji ta buɗe kabad, ta tarar da wayam. Sai 'yar takarda: "Ki gafarce ni, na karɓi makulli wurin hedimasta na ɗauki gidan. Ina bukatarsa."

Ta zauna a kan bencin yara. Duk 'yar Sakkwato ta san ma'anar saurayi ya karɓe kayansa. Ba a yin haka sai magana ta mutu. Ya gaji ke nan, ya zaɓi robobinsa, har tagogin da ya ce ba zai taɓa ba ya zo ya kwashe.

Kwana tara ba ta san ɗanɗanon tuwo ba. Ta rubuta wasiƙa uku ta yayyage. Tana koyar da lissafi hawaye na sauka a kan allo, ta ce wa yara ƙurar alli ce. Innarta ta yi lallashi har ta gaji. Marsandi kuwa kullum tana ƙofar gida, Baffa Dodo yana shiga yana fita da fara'a. A daren kwana na takwas ta ce wa Inna, "In Baba ya sake tambaya, ki ce mai duk abin da yag gani." Tana faɗa ta ji kamar ta sa hannu a takardar mutuwarta.

Ran Laraba bayan la'asar, Malam na zaure da Baffa Dodo, sai ga a-kori-kura ta tsaya. Dijatu ta gane muryar da ta yi sallama. Ta ruga ta laɓe bayan ƙofar da ke tsakanin zaure da cikin gida, ta sa ido a tsagar katako.

Junaidu ne, ya rame har wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Shi da direba suka shigo da randuna uku, sannan wani faffaɗan katako lulluɓe da zane. Ya durƙusa.

"Baba, ban zo jayayya ba. An ce ina da abin ɓoye, shi na kawo a gani. In kun gani kun ce in tahi, wallahi ba ku ƙara ganina."

Baffa Dodo ya ja da baya yana ta'awizi. Junaidu ya karkata randa ta farko a kan tabarma. 'Yan ragowar bulo suka zubo, ƙacau. Ya juye ta biyu da ta uku, ya nuna cikinsu. Sannan ya yaye zanen.

Dijatu ta toshe bakinta. Gidansu ne. Ga zauren da tulluwarsa, ga doguwar katanga, ga soron sama da 'yan tagoginsa, tagogin da ta sani sarai, ga shuɗiyar ƙofarta an mai da ita ƙofar zaure. Gidan Malam babba ne, ba zai ginu ba sai an haɗa da kowane bulo da yake da shi. Abin da ya sa ya ɗauke nata ke nan.

"Na ga jan fenti ga katanga," in ji Junaidu. "Ba ni da ikon hana titi, Baba. Na ce ko an rushe, a samu inda za a nuna ma jikoki yadda yake."

"Aikin aljanu ne!" in ji Baffa. "Wa yag ga sa'adda anka yi shi?"

Junaidu ya matsa kusa da ginin. Ya ɓalle katangar gaba ɗaya, ya wargaza ta a gabansu, ya shiga mayarwa ɗaya bayan ɗaya, ƙas, ƙas, ƙas. Baffa ya ɗauki guda ya shinshina, ya gatsa da haƙori, ya tofar.

Malam ya sauko daga buzunsa. Ya gyara tabarau, ya sunkuya a kan ginin. Ya daɗe. Can ya nuna wani wuri a tsakar gidan da yatsa.

"Wanga mine ne?"

"Rijiya ce, Baba."

"Wa yac ce maka nan take?"

"Ba kowa. Ban taɓa wuce zauren ga ba, daga waje nika kallo. Na ciki duk kintace ne."

"Kintacen banza kuwa. Rijiyarmu na bayan madafa. Nan turken tumaki ne." Malam ya juya ya dubi ƙanensa. "Dodo, bokan naka da aljanunai duka ba su san inda rijiyarmu take ba."



"Yaya aka cire ta?" in ji Malam.

Junaidu ya nuna masa. Tsohon ya sa farce ya ɓalle rijiyar, ya kai ta bayan madafa ya danna. Ta ce ƙas. Sai ya ce ɗakin mahaifiyarsa ma ba haka yake fuskanta ba, a miƙo masa farare guda huɗu. Har aka kira magariba malamin da manyan gari ke durƙusa wa yana zaune dirshan a tabarma, yana gyara gidan ubansa yana ba da labarin wanda ya kwana a kowane ɗaki.

Da ya miƙe zai yi alwala, ya ce ba tare da ya waiwaya ba, "Ke da ke bayan ƙofa, numfashinki ya ishe mu. Ki je ki ci abinci. Kai kuma ka turo manyanka jibi."

Dijatu ta sulale ƙasa tana kuka tana dariya, Inna ta rungume ta.

Bayan sallar layya aka ɗaura aure a zauren nan, wata ɗaya kafin katafila ta iso. Marsandi ba ta sake fakin a layin ba. Baffa Dodo da kansa ya karɓi waliccin amarya, yana gaya wa duk wanda ya zauna kusa da shi cewa shi dama tun farko bai yarda da maganar maƙwabta ba.

Washegarin tarewa da hantsi, ta kawo masa kunu ta ajiye, ta ƙi zama.

"Kwana tara, Junaidu. Layi ɗaya na bayani ya gagare ka? In ce maka na kusa amsa ma mai Marsandi?"

Kofin ya kusa suɓuce masa. "Dije, tsoro nika ji. In na gaya miki kuma Baba ya kore ni, na karya miki zuciya sau biyu. Ban san takardar nan za ta zama haka ba. Ki yahe mani."

"Sai na yi shawara."

"Har yaushe?"

"Kwana tara."

Ya dafe kai, ita kuwa dariya ta ƙwace mata, ta zauna kusa da shi ta ɗora kanta a kafaɗarsa. Daga waje suka jiyo sallamar 'yan'uwa da suka zo ganin ɗaki, muryar Inna a gaba tana cewa Allah ya ba da zaman lafiya, ya kawo zuri'a ɗayyiba, ya sa mutuwa ce kaɗai za ta raba.

Suka amsa tare, a hankali, "Amin."