Motar Baba Ba Ta Son Lallaɓa

Ranar da Auta ta fara ganinsa, ƙafafunsa kawai ta gani, sun leƙo daga ƙarƙashin wata tsohuwar bas. Sai da ta maimaita sallama sannan ya turo kansa waje, da baƙin mai a goshi, yana ba ta haƙuri. Ita kuwa a cike ta zo, don motar Baba ta gama ba ta kunya a danja: fitila ta ba da hannu, ta taka totur, motar ta tsaya tana shawara da kanta, har wani mai keke ya wuce yana waiwayenta.

Motar 'yar ƙarama ce ja, ta hannu, Baba ya saye ta bayan ya ajiye aikin koyar da tuƙi. Kullum da safe sai ya tayar da ita, ya fito da ita daga rumfa, ya kashe, ya goge ta tas, ya mayar. In ya hau titi kuwa, lallaɓa ta yake kamar mai ɗauke da tiren ƙwai. Duk garejin da aka kai ta sai su ce ba su san kan irin wannan injin ba, shi ne aka yi wa Auta kwatancen garejin wannan bakaniken.

Bakaniken bai ko taɓa bonet ba, tambayoyi ya shiga jero mata. Da sanyin inji take yin nawar ko bayan ya yi zafi? In ta ɗauki gudu tana sakewa? In aka kashe ta da zafi tana wuyar tashi? Wa yake tuƙa ta, kuma yaya? Da ta ba shi labarin gogar safe da tuƙin Baba, sai ya yi ɗan murmushi.

Ya yi mata bayanin cewa injin nan rotari ne, ba shi da fistan ko ɗaya. Wani ƙarfe ne mai kusurwa uku yake juyawa a ciki, kuma a halittarsa ba shi da ƙarfi sosai in yana juyawa a hankali, sai ya ɗau juyi. Amma nawar da take faɗa ta wuce hali, ta zama ciwo. Auta ta gane rabi, sauran rabin ya tafi wajen kallon yadda yake zana kusurwa ukun a ƙasa da sukundireba.

"To ciwon na mutuwa ne?" ta tambaya.

"Sai na bi ta daki-daki, ranki ya daɗe. Ba na yanke wa mota hukunci ranar farko."

Ya karɓi lambarta don ya riƙa sanar da ita halin da ake ciki. Ya kuwa cika alkawari, har ya wuce gona da iri. Ga saƙon da ya turo mata:

"Direbata, filtar iska lafiya lau, salansa ma ba ta toshe ba. Fulogi ne suka yi baƙi ƙirin, kwayil ɗaya kuma wutarsa ta yi rauni. Gobe zan auna matsin injin da zafinsa. Ki taya ni addu'a, in ya faɗi sai an sauke inji."

Ta karanta ya fi a ƙirga, sannan ta mayar masa: "Injiniya, wa ya ba ka ni da har na zama direbarka? Allah ya sa a dace. Ka ci abinci kuwa?"

Matsin inji ya fito lafiya. Auta ta je garejin wai don ta ji sakamako da kunnenta, ko da yake ya riga ya rubuto mata. Ya nuna mata bututun da iska ke bi ta shiga inji. Akwai wata 'yar ƙofa a ciki da ya kamata ta riƙa buɗewa tana rufewa, amma baƙin hayaƙi ya daskare ya riƙe ta. Ya ce zai wanke, zai sauya fulogi da kwayil, sai dai in ba a sauya tuƙi ba ciwon zai dawo. Injin nan ba ya son a tayar da shi a kashe da sanyi, kuma yana so a riƙa barinsa ya yi juyi sosai ya ƙone dattinsa. A taƙaice dai, lallaɓar Baba ce ta shaƙe motar.

Auta ta ce to sai ya gaya masa. Nan take ya girgiza kai.

"Mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana koyar da tuƙi? Ni zan dubi idonsa in ce tuƙinsa ne ya ja? Ga shi kuma 'yarsa nake shirin zuwa nema."

A haka ta ji maganar aure karon farko, tana tsaye kusa da bokitin wankin ƙarafa. Daɗi ya rufe ta, kunya ta hana ta ɗago kai, har ta yi masa alkawarin ita ma ba za ta faɗa ba.

Ya fara zuwa gaishe da Baba, Umma ta yaba da hankalinsa. Sai dai akwai dillalin da ya sayar wa Baba motar, wanda shi ma ya daɗe yana zarya gidan da turarensa mai hawa kai, Auta tana amsa masa gaisuwa a taƙaice. Shi ne ya yi katarin ganin jar motar a hanyar bayan gari ranar da bakaniken ya fita gwaji bayan ya gama aiki. Ya bi ta a baya ya ɗauki bidiyo, bai zame ko'ina ba sai falon Baba.

A bidiyon motar kuka take kamar za ta tarwatse. Baba ya kalla, fuskarsa ta sauya. Ya sha zuwa jana'izar yaran da ya koya wa tuƙi da hannunsa, ganganci ya kashe su, don haka a duniya ba abin da ya tsana kamar wasa da mota. Ya sa aka kira bakaniken, ya karɓi makullin motarsa, ya ce wanda zai yi wa amanar ƙarfe haka ba zai ba shi amanar mutum ba, kada ya sake taka masa ƙofar gida.

Auta tana bayan labule tana jiran ya kare kansa. Shi kuwa yana durƙushe, abin da ya iya cewa kawai shi ne, "Ka yi haƙuri, Baba." Ya tashi ya fita.

Ranta ya ɓaci da shi fiye da yadda ya ɓaci da dillalin. Ta rubuta masa: "Wato ka gwammace ka rasa ni da ka buɗe baki ka faɗi gaskiya?"

Ya mayar mata da amsa: "Direbata, wallahi rasa ki ya fi min komai ciwo. Na yi kuskure da ban nemi izininsa ba kafin gwajin. Amma a gaban dillali zan ce masa laifinsa ne? Bakina ya kasa."

Kwanaki suka shuɗe, gidan ba daɗi. Motar ta warke sarai, tana tashi daga danja ba gardama, Baba kuwa ya koma gogar safe da lallaɓarsa. Auta tana kallo, ta san ciwon yana hanyar dawowa, kuma in ya dawo dillali zai ce aikin banza aka yi. Ta kai kuka wajen Umma, Umma ta ce alkawarin da zai raba ta da mijin kirki ba abin riƙewa ba ne, ta je ta faɗa, ita za ta zauna a gefe.

Ta durƙusa gaban Baba ta zayyana masa komai, har da dalilin da ya sa bakaniken ya yi shiru. Baba ya ce a miƙo masa wayarsa da dillalin ya tura wa bidiyon, ya sa tabarau, ya sake kunna bidiyon. Wannan karon bai saurari kukan ba, gefen hanya ya zuba wa ido. Akwai wata motar kaya a hannun dama, tafe take kafaɗa da kafaɗa da jar motar, ba a wuce ta ba. A kwana kuma yaron ya ba da sigina, ya rage.

"Giya ta biyu ya riƙe," Baba ya ce a hankali. "Inji ne yake gudu, ba motar ba. Ni da na koya wa mutane kallon hanya, na tsaya sauraren ƙara."

Washegari ya ce Auta ta raka shi gareji. Bakaniken na ganinsu ya zube ƙasa yana gaisuwa. Baba ya ce ya tashi ya shiga gaba, yau shi ne malami. Suka hau hanyar bayan gari, Auta a baya. Da inji ya yi zafi, yaron ya ce cikin ladabi Baba ya bar ta a giyar ya ƙara takawa. Allurar da ke nuna juyin inji ta hau, hannun Baba ya kai kan giya da kansa, ya janye shi da ƙyar. Gumi ya keto masa, amma ya taka har motar ta saki murya, sannan ya sauya. Ya sami wuri ya faka, ya daɗe yana riƙe da sitiyari.

"Kunyata da ka ji, na gode," ya ce. "Amma daga yau in ka ga na kauce, ka faɗa min ko a gaban wa. Ɗa nake so, ba mai lallaɓa ni ba. Ka turo manyanka."

Auta ta sunkuyar da kai, hawaye na ɗiga a kan hannunta. Dillalin bai sake zuwa ba, ko gaisuwa.

Aka ɗaura aure cikin rufin asiri, dangi suka cika gida. Da lokacin tafiyar amarya ya yi, Baba ya kira su biyun ɗakinsa. Ya yi niyyar doguwar nasiha irin tasa, har ya gyara zama, sai ya fasa. Ya kama hannun Auta ya sa a na mijinta.

"Ita ce ƙaramarmu, ita ta rage mana a gidan," ya ce. "Na ba ka da zuciya ɗaya. Allah ya yi muku albarka, ya zaunar da ku lafiya."

Umma ta amsa da amin daga bakin ƙofa, tana share ido da gefen mayafi.