Gurbin Razan

Akwai wata yarinya da iyayenta suka baro Khartum lokacin yaƙi, suka sauka a Gadarif. A sabuwar makarantar ba ta san kowa ba. In an tashi fatur, wato kalacin hantsi, sai yara su zauna gungu-gungu. Ita kuwa ta tafi gindin katanga, ta ci burodinta da ful, wato dafaffen wake, ita kaɗai. Abin yana yi mata ciwo, amma ba ta gaya wa kowa ba.

Ustaza Hajar, malamar kwamfuta, ta lura da ita. Ta kuma san baban yarinyar ya koya mata rubuta shirin kwamfuta.

"Yalla, ga aiki," in ji Ustaza. "Rubuta shirin da zai ɗauki sunaye daga rajistar aji, ya raba ku biyar-biyar kullum. Kowa ya samu abokan ci."

"Zan yi jeri mai gurbi talatin," in ji yarinyar. "Kowane suna da gurbinsa."

"A'a, ya binti, 'yata. Sa shi ya fara ƙirga sunayen tukuna, sannan ya buɗe gurabe daidai da su."

"Tamam, Ustaza."

Tamam ɗin nan a baki ya tsaya. Mutuniyar ta ƙirga ajin har sau biyu, talatin ne cif. Me zai sa ta wahalar da kanta? Ta rubuta talatin, ta rufe kwamfuta.

Shirin ya yi aiki. Kullum ana manna takardar rabo a ƙofar aji. Yarinyar ta yi ƙawaye, har ta manta da gindin katanga.

Ran nan aka kawo sabuwar ɗaliba daga Madani, sunanta Razan. Ustaza ta ƙara ta a ƙarshen rajista. Shirin ya kwashi suna talatin, gurabensa suka cika, ya tsaya. Bai ce wa kowa uffan ba.

Razan ta karanta takardar daga sama har ƙasa. Ta sake karantawa. Sannan ta ɗauki abincinta ta fita.

Sai kwana na uku yarinyar ta hango ta a gindin katanga, daidai wurin da ita take zama a da. Ta je ta tsuguna kusa da ita.

"Me ya sa ba kya ci da mu?"

"Babu sunana," in ji Razan. "Na ɗauka ba a so na ne."

Yarinyar ta miƙe zumbur. Ta ruga ofis tana hawaye.

"Ustaza, ni ce. Ban yi yadda kika ce ba. Talatin na rubuta."

"Ma'alesh, ba komai, share hawayenki," in ji Ustaza Hajar. "Kin san mu nawa ne jiya. Wa ya gaya miki mu nawa ne gobe? Zauna ki gyara."

Yarinyar ta goge talatin ɗin. Ta sa shirin ya ƙirga rajista, ya buɗe gurabe, ya zuba sunaye ɗaya bayan ɗaya. Aka samu talatin da ɗaya. Gungu guda ya zama mutum shida.

Ta kai wa Razan takardar da hannunta. "Ki yafe mini. Ga sunanki, a ƙasan nawa."

Razan ta ɗora yatsa a kan sunan, ta yi murmushi. Suka haɗa abincinsu a kwano ɗaya.

Daga ranar yarinyar ta koyi darasi. In malama ta ba da umarni, a bi. In kuma za a shirya wa mutane wuri, a tuna da wanda bai iso ba tukuna.