Goɗiyar Da Ya Ɗora Ni A Kai

Saura kaɗan in bar wannan labarin a cikina. Sau uku ina ɗaukar biro ina ajiyewa, don karatuna a aji huɗu ya tsaya, kuma ni ko magana da baki wuya take mini, balle rubutu. Amma tunda na fara, bari in fara daga inda mota ta ajiye mu.

"A sauko! Daga nan ko jirgi ne sai ya haƙura," in ji direban akori-kurar, yana buga ƙofa da tafin hannu.

Tun asuba muke cikin motar nan. Tafiyar awa uku ta cinye mana shida. Sau biyu taya na nutsewa a laka muna fitowa muna turawa, har takalmin Goggo ɗaya ya tafi ke nan. Na diro, na ɗaga kai.

Sai na gan shi.

Yana tsaye a bakin rafi, riƙe da ragamar dawaki uku. Ya rame.

"Goggo..." na ce ƙasa-ƙasa. "Shi ne."

"Na gan shi, ai ba makauniya ba ce ni. Direba! Duk dutsen nan babu wani mai dawaki sai wannan?"

"Hajiya, a wannan daminar? Shi kaɗai ke hawa. Sauran sun ce suna son ransu."

Goggo ƙanwar mahaifina ce, ita ta riƙe ni tun rasuwar iyayena. Gimbiya 'yarta ce, mai karatun asibiti, mai baki kamar reza. Shi kuwa kowa Jagora yake ce masa, don shi ke hawa da ma'aikatan asibiti zuwa ƙauyukan kan dutse. Zoben baikon da ya ba ni na ƙulle a bakin mayafina. Abin da ya kawo mu ke nan, in mayar wa mahaifiyarsa da hannuna. Goggo ta ce ba za a aika ba, kada a ce bai isa ba.

Dama ba ta taɓa sonsa ba. "Mai warin doki" take ce masa. Sai ga shi ya yi wata biyu bai sauko gari ba, a kan dutse kuma waya ba ta shiga. Gimbiya ce ta haɗu da shi a bakin rafin nan ranar da suka zo aikin rigakafi. Da ta dawo ta ce mini, "Ya ce ya gaji da zance da bango."

Ban tambayi kowa ba. Kuka kawai na yi.

Ya durƙusa ya gaida Goggo, ta amsa da hanci. Ni ko kallona bai yi ba. Ashe direba ya riga ya kai masa labarin abin da ke tafe da mu tun jiya.

"Wancan farin nawa ne!" in ji Gimbiya, tana nuna wani ingarma mai sheƙi.

"Yaro ne, bai gama sanin hanya ba," in ji shi.

"Ai kana nan."

Ya ɗaga kafaɗa. Ya ba Goggo wani ja mai faɗin baya. Sannan ya ja ta ƙarshen, ya tsayar da ita a gabana. Tsohuwar goɗiya ce, kunnenta ɗaya a tsage, bayanta ya lotsa, gezarta duk ta zube.

"Hau," ya ce, idonsa na kan sirdi.

Gimbiya ta tuntsire da dariya. "Kai, Jagora, ka iya haɗi! Bebiya da kakarta!" Bebiya take kirana, don rashin maganata.

Na hau. Ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige.

"A saki linzami," ya ce da mu duka. "Kada wanda ya ja. Inda doki ya tsaya, a bar shi ya tsaya."

Ya ɗan bugi cinyar goɗiyar, ta shiga ruwa ita kaɗai, ta yi gaba. Shi kuwa ya koma baya ya kama linzamin dokin Gimbiya da hannunsa.

Haka muka yi ta hawa. Ni a gaba kamar wadda aka kora, Goggo a tsakiya tana salati duk inda kofato ya zame, su biyu a baya. Hanyar ta bi ta cikin dogayen ciyayi masu jiƙa zane, ta ratsa duwatsu masu santsi, ta shiga gajimare har ba na ganin kunnen goɗiyar sosai. Ba ta sauri. Kowane taku sai ta sunkuyar da kai ta shinshina kamar mai neman allura. Abin da nake ji kawai muryar Gimbiya.

"Wayyo, Jagora, riƙe ni da kyau! Hannunka ƙarfi gare shi!"

"Gyara ƙafarki a likkafa."

"In ka sake ni na mutu!"

"Ba zan sake ki ba."

Ba zan sake ki ba... Awa biyu bai saki linzaminta ba. Ni ko sau ɗaya bai ce sannu ba.

Bayan azahar muka iso wata siririyar hanya. Dama dutse ne tsaye kamar bango, hagu kwazazzabo ne, ƙasansa sai ƙarar ruwa. Muna tsakiya goɗiyar ta ja ta tsaya.

Na jira. Ba ta motsa ba.

"Me ya faru kuma?" in ji Goggo.

"Mama, ita ma dabbar ta gaji da ita!" Gimbiya ta ɗaga murya. "Bebiya, ki roƙe ta mana. Au, na manta, ba kya magana!"

Ban san lokacin da zuciya ta ɗebe ni ba. Na tattara linzami na ja da ƙarfi, na zungure ta da dugadugaina, har na tsula mata bakin igiyar a wuya. Ta yi haniniya ta ja da baya. Ƙafarta ta baya ta taka gefen hanya, tsakuwa ta zuba ƙasa.

"Saki! Saki nake cewa!"

Ban taɓa jin ya yi tsawa irin wannan ba. Na saki. Ya danƙa wa Gimbiya linzaminta, ya matse jikin dutse ya wuce dokin Goggo, ya fizgo ni daga kan sirdi ya manna ni da bango.

"Hauka kike yi? Me na ce miki a bakin rafi?"

Bai jira amsa ba. Ya ɗauki wani dutse kamar kan mutum ya jefa gaban goɗiyar, taku uku kacal. Ƙasar wurin ta buɗe baki, ta zame gaba ɗaya ta tafi da dutsen. Mun daɗe kafin mu ji faɗuwarsa.

Goggo ta hau salati ba tsayawa.

Ɗaya bayan ɗaya ya ja dawakin da baya har zuwa wani ɗan fili. Ya ce sauran tafiyar a ƙafa ne, ta hanyar awaki da ke sama. Ya juyo kaina.

"Ita kika daka? Ita?"

Shekara ashirin ina haɗiye magana. Ranar nan ta ƙi haɗiyuwa.

"Na dake ta! Ai don ka wulaƙanta ni ka ba ni ita! Ka ba wa waccan farin doki, ka riƙe mata linzami tun safe, ni ka kora ni gaba kamar kayan da ba mai shi! In ka gaji da bango, ka faɗa wa bangon da bakinka!"

Ya tsaya yana kallona kamar bai san ni ba.

"Wane bango?"

"Tambaye ta!"

Gimbiya ta hau gyaran ɗankwali.

"Ke," ya ce da ita. "Me na ce ki gaya mata?"

"Na manta. An daɗe."

"Ni ban manta ba. Na ce Inna ta faɗi ta karye a ƙafa, babu mai ɗaga ta sai ni, ta yi haƙuri sai ta fara takawa. Haka na ce ko ba haka ba?"

"To me ye? Ni na ga ba ku dace ba! Yarinyar da ko takardar magani ba ta iya karantawa..."

"Gimbiya!" Goggo ta daka mata tsawa.

Ya dawo da kallonsa kaina, fushin bai sauka ba.

"Ke kuma, kin san me muke ɗora wa tsohuwar nan? Kwalaben allura. Ƙwai. Mace mai tsohon ciki. Duk abin da muke tsoron ya fashe. Shekara biyu da na hutar da ita, ban ɗora mata kowa ba. Jiya da aka ce kina tafe na je na kwanto ta. Wanda muka riƙe wa linzami, dokinsa ne ba mu yarda da shi ba."

"Wato ni ka ɗora a kan wanda ba ka yarda da shi ba?" in ji Gimbiya.

"Ke kika zaɓe shi."

Muka kama hawa a ƙafa, shi yana janye da dawakin. Goggo da takalmi ɗaya nata, ɗaya na direba da ya ara mata, tana haki tana tsine wa duwatsu da masu zama a kansu. Tafin ƙafata ya fashe, ban nuna ba.

Rana na dab da faɗuwa muka shiga gidansu. Inna na zaune a kan tabarma, ƙafarta ɗaure da tsinke, sanda a gefe. Da ta ji ni aka ɗora a kan goɗiyar, ta kalle ta, ta kalle ni.

"Ikon Allah. Ni da na haife shi ma ya hana ni ita bara," ta ce. "Zo nan, 'yata."

Goggo ko ruwa ba ta sha ba. "Ba zama ya kawo mu ba. Ke, kwance mayafinki ki ba ta kayansu."

Na riƙe bakin mayafin. Yatsuna suka ƙi.

"Goggo, ai kin ji... ƙarya aka yi masa."

"Na ji. Gimbiya zan yi maganinta a gida. Amma ko da ƙarya ko babu, ban raine ki don in kawo ki inda ƙasa ke zamewa a ƙarƙashin mutum ba. Yau saura taku uku in koma gida ba ke. Me zan ce wa ubanki gobe kiyama?" Muryarta ta karye, ta yi maza ta gyara. "Na ba ki zuwa safiya. Ko zoben nan, ko gidana."

Na fita. Jagora na turken dawaki yana shafa wa goɗiyar mai a inda na dake ta.

"Ka yi haƙuri," na ce.

"Ita za ki ba haƙuri."

"Na ba ta."

"Wata biyu, Kurciya. Aka gaya miki magana ɗaya, kika ƙulle zobena a mayafi. Ko aike ba ki yi ba."

"Kai ma sau ɗaya ka aiko."

"Gaskiya ne."

"Goggo ta ce..."

"Na ji ta. Ba zan roƙe ki ki bar wadda ta raine ki ba. Kuma ba zan karɓi zoben da hannuna ba." Ya ɗago, idonsa ya yi ja. "Kurciyata, yau da kika ja linzamin nan, ni na riga ki faɗawa ramin."

Na juya da sauri don kada ya ga fuskata.

Washegari na riga kowa tashi. Na kwance bakin mayafi, na sa zoben a yatsana. Na je turke na ce Jagora ya ɗaura wa tsohuwar goɗiyar sirdi, na ja ta da kaina har ƙofar ɗakin da Goggo ta kwana. Na durƙusa na gaishe ta. Idonta ya sauka a kan hannuna.

"Kin zaɓa ke nan."

"Ban mayar ba, Goggo. Ba kuma zan mayar ba. Hau wannan."

"Wannan ƙazamar?"

"Ita ce ba ta kayar da mutum."

Ta daɗe tana kallon goɗiyar. "Ke fa?"

"Zan biyo ki a ƙasa har gida. In kin rufe ƙofa, zan zauna a bakinta."

"Sai ki ruɓe a wurin," ta ce.

Amma ta miƙo mini hannu. Na tallafe ta ta hau, na sa mata ƙafa a likkafa, na zare linzamin daga hannunta na ajiye shi a wuyan tsohuwa. Sannan na ɗaura ƙyalle a fasasshiyar ƙafata, na bi bayansu, ita da goɗiyar.